Kwaskwarimar ɗan takara da cinikin majalisa: abin da ya hana masu neman sauyi sakin jiki da Biden

Ranar 18 ga Yunin 2019, a wani taron tara kuɗin kamfe a birnin New York, Joe Biden ya yi maganganu biyu da suka daɗe suna bin sa. Ya tuna zamansa a Majalisar Dattawan Amurka tare da James Eastland na jihar Mississippi da Herman Talmadge na Georgia, 'yan jam'iyyarsa ta Dimokurat daga Kudu waɗanda suka ƙare rayuwarsu ta siyasa suna kare wariyar launin fata. Ya ce ko da ra'ayi bai zo ɗaya ba, akwai mutunta juna a wancan zamani, kuma ana yin aiki. Sannan ya kwantar wa attajiran da ke zauren hankali cewa idan ya ci zaɓe, ba wani abu na tushe da zai canza a rayuwarsu. Wata biyu ke nan bai cika ba da shigarsa takarar shugabancin Amurka.

Ɓangaren jam'iyyar da ake kira masu neman sauyi, wato magoya bayan Bernie Sanders da Elizabeth Warren da sababbin 'yan majalisa irin su Alexandria Ocasio-Cortez, sun ɗauki maganganun a matsayin shaida. Abin da suke nema sananne ne: inshorar lafiya ta gwamnati ga kowa, mafi ƙarancin albashi na dala 15 a awa, ƙarin haraji a kan masu hannu da shuni, da kuɗi masu kauri don sauyin yanayi. Kafafen labarai da yawa sun ɗauki ƙorafinsu a matsayin tsaurin kai na mutanen da ba su san yadda ake mulki ba. Wannan fassara ta rage wa batun nauyi. Ruwa ba ya tsami banza, kuma shakkun nasu yana da lissafi a bayansa, na ƙuri'un da aka kaɗa da ranakun da dokoki ke ƙarewa.

Yadda aka yi kwaskwarimar

Mutumin da ya yi shekara 36 yana sanata ba ya iya ɓoye tarihinsa, don kowace ƙuri'a tana rubuce. Biden ne ya shugabanci kwamitin shari'a a 1991, lokacin da Anita Hill ta zargi Clarence Thomas, wanda ake tantancewa don zama alƙalin Kotun Ƙoli, da cin zarafi, aka yi mata tambayoyin da mata da yawa suka ga wulaƙanci a cikinsu. Shi ne jagoran dokar yaƙi da laifuka ta 1994, wadda ta ware kusan dala biliyan 10 don gina gidajen yari. Ya goyi bayan dokar miyagun ƙwayoyi ta 1986 da ta sa giram 5 na dunƙulalliyar hodar ibilis, wadda aka fi kama baƙaƙen fata talakawa da ita, ya jawo ɗaurin shekara biyar daidai da giram 500 na garinta. Ya amince da yaƙin Iraƙi a Oktoban 2002. A 2005 ya jefa ƙuri'a ga dokar da ta tsaurara wa masu bashi hanyar neman kotu ta yafe musu idan sun karye, dokar da kamfanonin katin bashi suka daɗe suna nema, da yawansu kuma a jiharsa ta Delaware suke da mazauni. Warren, tana malamar jami'a a lokacin, ta yi fito-na-fito da shi a kan wannan doka a gaban kwamitin majalisa.

Gyaran fuskar ya zo kashi-kashi, kowanne dab da lokacin da ake buƙatarsa. A Janairun 2019, kafin ya ayyana takara, ya amsa cewa bambancin hukuncin hodar nan babban kuskure ne. A Afrilu, kwanaki kafin ayyanawa, ya kira Anita Hill a waya, ita kuma ta fito ta ce kiran bai gamsar da ita ba. Wanda ya fi ba da mamaki shi ne na farkon Yuni. Akwai wani sharaɗi da ake liƙa wa kasafin kuɗi tun 1976, mai sunan ɗan majalisa Henry Hyde, wanda ya hana amfani da kuɗin tarayya wajen zubar da ciki sai a wasu 'yan yanayi. Biden ya shafe shekaru yana goyon bayansa. Ofishin kamfensa ya tabbatar cewa yana nan a kan bakansa, abokan takara suka yi masa ca, washegari da dare a Atlanta ya ce ya janye. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan batun kansa, matsayin shekara arba'in da ya sauya cikin kwana biyu dole ya jawo tambaya: tunani ne ya canza, ko matsin lamba ne ya yi yawa?

Masu neman sauyi da suka san aikin ba su tsaya a kan kalmomin ba-da-haƙuri ba. Abin da suka riƙa dubawa shi ne ko sabon matsayin zai jawo wa ɗan takarar asarar wani abu. Neman afuwa a kan dokar da aka riga aka sassauta tun 2010, lokacin da aka rage bambancin hukuncin daga ninki 100 zuwa 18, ba ya raba shi da mai ba shi kuɗi ko ɗaya. Alkawarin soke sharaɗin Hyde ma ba a hannun shugaban ƙasa yake ba, majalisa ce ke rubuta kasafi, kuma sharaɗin ya ci gaba da zama har ƙarshen mulkinsa duk da cewa ya cire shi daga daftarin da yake aikawa. Abu na biyu da suka duba shi ne mutanen da ke kewaye da shi, domin mashawartan da suka rubuta tsohuwar manufa su ne za su zauna a teburin sabuwa. Na uku, wanda ya fi komai damun su, Biden bai taɓa janye imaninsa da sasantawa da 'yan Rifablikan ba. A Mayun 2019 a New Hampshire ya ce da zarar Trump ya bar fadar White House, abokansa na can ɓangaren za su farga su dawo hayyacinsu. A nan kam ba kwaskwarima, abin da ya yi imani da shi ke nan.

Inda lissafin sasantawa yake karkata

Dole a yi wa Biden adalci a kan abu ɗaya: neman ƙuri'un 'yan adawa a Amurka ba son rai kaɗai ba ne. Majalisar Dattawa tana da kujeru 100, kuma a ƙa'idarta ba a rufe muhawara a kan yawancin ƙudurori sai da amincewar sanatoci 60. Sanatoci 41 sun isa su hana ruwa gudu, abin da ake kira filibosta. Ƙofa ɗaya ce ta kewaye wannan, wato hanyar daidaita kasafi da dokar 1974 ta samar, inda rinjaye kawai ya isa, muhawara kuma ba ta wuce awa 20. Sai dai ƙofar tana da ƙunci. Duk abin da za a shigar ta nan sai ya shafi kuɗin shiga ko kashewar gwamnati kai tsaye, kuma akwai jami'ar da ke fassara ƙa'idojin majalisa wadda ke tace abin da bai cancanta ba. Dokar zaɓe, dokar shige da fice, dokar bindiga, duk ba sa bi ta nan.

Saboda haka ba wanda ya ce kada a yi ciniki. Ƙorafin yana kan irin cinikin da Biden ya saba ƙullawa da Mitch McConnell, jagoran 'yan Rifablikan a majalisar a wancan zamani, lokacin Biden yana mataimakin shugaba Obama. Akwai guda biyu da ya kamata a duba su kusa.

Na farko a Disambar 2010. Rangwamen harajin da George Bush ya yi a 2001 da 2003 zai ƙare da kansa a ƙarshen shekarar. Obama ya yi kamfe a kan cewa iyalan da ke samun sama da dala 250,000 a shekara za su koma biyan tsohon haraji. Yarjejeniyar da aka cimma ta tsawaita rangwamen ga kowa har da attajirai na shekara biyu, ta kuma sassauta harajin gado zuwa kashi 35 cikin 100 a kan abin da ya haura dala miliyan 5. A madadin haka aka samu tallafin marasa aiki na wata 13 da ragin kashi 2 a harajin albashi na shekara guda. Wannan ce yarjejeniyar da ta sa Sanders ya tsaya a zauren majalisa ranar 10 ga Disamba ya yi awa takwas da rabi yana magana.

Na biyu ya fi muni a idonsu, kuma hujjarsu a nan tana da ƙarfi. A daren 31 ga Disambar 2012 rangwamen zai sake ƙarewa, Obama kuma ya ci zaɓe karo na biyu kusan wata biyu kafin nan. A wannan yanayi wuƙa da nama suna hannun 'yan Dimokurat, domin ko ba su yi komai ba, da asubahin 1 ga Janairu haraji zai hau kan kowa. Daga nan sai su kawo ƙudurin rage wa masu matsakaicin samu kaɗai, su bar 'yan Rifablikan da zaɓin ƙin amincewa da ragin haraji a gaban jama'a. Harry Reid, jagoran masu rinjaye, ya so a ja igiyar. McConnell ya tsallake shi ya kira Biden. Abin da ya fito: an ɗaga iyakar daga dala 250,000 zuwa 450,000 ga ma'aurata, aka mayar da rangwamen da ke ƙasa da wannan na dindindin, ba ranar ƙarewa. Tallafin marasa aiki ya samu ƙarin shekara guda tal, ya kuma mutu a Disambar 2013. Zabtare kasafin da aka shirya tun rikicin bashi na 2011 an ɗage shi wata biyu kacal, ya fara cizo a Maris.

A duba tsarin da kyau. Abin da ɓangare guda ya samu an ba shi lakadan kuma na har abada. Abin da ɗaya ɓangaren ya samu yana da wa'adi, idan ya cika sai an sake zuwa kasuwa, a lokacin kuma babu sauran abin bayarwa. Ranar ƙarewar rangwamen ita ce jinginar da 'yan Dimokurat ke riƙe da ita, aka kuma miƙa ta. Majalisar Dattawa ta amince da ƙuri'a 89 da 8, adadin da Biden ya riƙa alfahari da shi a matsayin shaidar iya haɗa kan mutane. Masu sukarsa suna ganin adadin ne ma abin tsoro, don ciniki ba ya samun irin wannan karɓuwa sai idan wani ya sayar da araha.

Akwai kuma asarar lokaci, wadda ba a cika lissafa ta ba. A 2009 an shafe watanni ana jiran 'yan Rifablikan uku a kwamitin kuɗi su amince da dokar lafiya ta Obama, ana rage mata ƙarfi don a jawo su. A ƙarshe ko ɗaya bai jefa mata ƙuri'a a zauren ba, abin da aka rage kuma bai dawo ba.

Daga alkawari zuwa gwaji

A zaɓen fid da gwani na jam'iyyar, Biden ya zo na huɗu a Iowa, na biyar a New Hampshire, sannan ya farfaɗo a South Carolina ranar 29 ga Fabrairun 2020 da ƙuri'un baƙaƙen fata, musamman dattawa, bayan James Clyburn, baƙar fata ɗan majalisa mai faɗa a ji a jihar, ya mara masa baya. Wannan gaskiya ce mai ɗaci ga masu neman sauyi, kuma wasunsu ba su haɗiye ta da kyau ba: mutanen da dokar 1994 ta fi shafa su ne suka zaɓe shi, saboda sun san shi kuma suna ganin shi ne zai iya kayar da Trump. Daga Maris ya fara karkata. Ya rungumi shirin Warren na gyara dokar masu bashi, wato ya juya wa ƙuri'arsa ta 2005 baya. Bayan Sanders ya janye a Afrilu aka kafa kwamitocin haɗin gwiwa shida, aka ba John Kerry da Ocasio-Cortez na sauyin yanayi, suka fitar da takarda mai shafi 110 a Yuli.

Watannin farko na mulkinsa sun ba masu shakka kunya, kuma ya dace a faɗi haka. Majalisar Dattawa ta tsaya 50 da 50. Ranar 1 ga Fabrairun 2021 sanatocin Rifablikan goma suka je masa da tayin dala biliyan 618 a maimakon tiriliyan 1.9 da ya nema don farfaɗowa daga korona. Ya saurare su awa biyu, ya sallame su, ya bi ta ƙofar daidaita kasafi, dokar ta wuce ba tare da ƙuri'arsu ko ɗaya ba. Ya naɗa Lina Khan a hukumar hana babakeren kasuwa, ya naɗa Rohit Chopra a hukumar kare masu hulɗa da bankuna, mutanen da ɓangaren Warren ke so. Albashin dala 15 ne ya faɗi: jami'ar ƙa'idoji ta ce bai cancanci shiga ta wannan ƙofa ba, da Sanders ya tilasta ƙuri'a aka tashi 42 da 58. Mafi ƙarancin albashi na tarayya ya ci gaba da zama dala 7.25, yadda yake tun 2009.

Babban gwajin ya zo da rani. Biden ya gabatar da shirye-shirye biyu da suka kai kusan dala tiriliyan 4 a haɗe, ɗaya na hanyoyi da gadoji da makamashi, ɗaya na yara da iyali da ilimi. Sai aka raba kayan gida biyu. Abin da 'yan Rifablikan ke iya amincewa da shi, wato kwalta da siminti da bututu, aka zuba a ƙudurin haɗin gwiwa. Abin da ba za su taɓa ba, wato kula da yara, hutun haihuwa da albashi, makarantar share fage kyauta, da yawancin kuɗin sauyin yanayi, aka bar wa ƙuduri na biyu da 'yan Dimokurat za su wuce da shi su kaɗai.

Ko a ƙudurin farko an biya farashi. Biden ya nemi dala biliyan 45 don cire duk bututun ruwa masu dalma a ƙasar, irin waɗanda suka sa wa yaran garin Flint guba, aka ba da 15. Ya nemi biliyan 100 na intanet, aka ba da 65. Biliyan 400 na kula da tsofaffi da naƙasassu a gida ba su shiga ba sam, haka ma ƙarin harajin kamfanoni daga kashi 21 zuwa 28.

Haɗarin rabon a fili yake. Sanatoci biyu 'yan Dimokurat, Joe Manchin na West Virginia da Kyrsten Sinema ta Arizona, suna matuƙar son ƙuduri na farko, suna ja da baya a kan na biyu, kuma a majalisar da ta rabu 50 da 50 ƙuri'a ɗaya ta isa ta kashe shi. Idan aka ba su nasu tukuna, me zai sa su biya? Wannan ne ya sa ƙungiyar masu neman sauyi a Majalisar Wakilai, ƙarƙashin Pramila Jayapal, ta ce ƙudurorin biyu su tafi tare ko kuwa kowa ya rasa. Biden da kansa ya faɗi haka ranar 24 ga Yuni, cewa ba zai sa hannu a ɗaya ba tare da ɗayan ba. 'Yan Rifablikan suka fusata, bayan kwana biyu ya fitar da sanarwa ya yi amai ya lashe.

Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin ababen more rayuwa ranar 10 ga Agusta da ƙuri'a 69 da 30, har da McConnell. Jayapal da mutanenta suka riƙe shi a Majalisar Wakilai, suka hana a kaɗa ƙuri'a a ƙarshen Satumba, suka sake hanawa a ƙarshen Oktoba. Cikin wannan lokaci ƙuduri na biyu yana ta ramewa, daga tiriliyan 3.5 zuwa 1.75. Ranar 2 ga Nuwamba jam'iyyar ta rasa kujerar gwamnan Virginia, laifi ya koma kan masu riƙon, matsin ya yi yawa. Biden ya ba su tabbacin cewa zai kawo ƙuri'ar Manchin. A daren 5 ga Nuwamba suka saki, ƙudurin ya wuce 228 da 206 da taimakon 'yan Rifablikan 13. Mutum shida ne suka ƙi: Ocasio-Cortez, Ilhan Omar, Rashida Tlaib, Ayanna Pressley, Cori Bush da Jamaal Bowman. An yi ta zaginsu a kan sun ƙi gina hanyoyin mazaɓunsu. Ranar 19 ga Disamba Manchin ya fito a tashar Fox ya ce ba zai goyi bayan ƙuduri na biyu ba.

Masu kare Biden suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. A lokacin Manchin yana wakiltar jihar da Trump ya ci a 2020 da tazarar kusan maki 39, ba wani bulala da za ta tanƙwara shi, kuma da an ci gaba da riƙon wataƙila da an rasa duka biyun. Sun kuma nuna abin da sasantawa ta haifar a 2022: dokar bindiga ta farko mai ma'ana cikin kusan shekara 30 bayan kisan yaran makaranta a Uvalde, da dala biliyan 52 don masana'antun ƙwaƙwalwar na'ura. Duk gaskiya ne. Amma a lura da iyakar abin da ke iya samun ƙuri'a 60: kuɗin da zai shiga jihohin kowa da kamfanonin kowa yana samu, abin da zai sauya rabon iko ba ya samu. Dokar kare 'yancin zaɓe ta mutu a Janairun 2022, da aka nemi a sassauta filibosta saboda ita aka tashi 48 da 52. Farfaɗowar hankalin da Biden ya yi hasashe a 2019 ba ta zo a inda ya fi buƙatarta ba. A kan mutumin, masu neman sauyi sun yi masa mugun zato fiye da yadda ya cancanta. A kan tsarin cinikin, wato wa aka fara biya kuma me aka bari da wa'adi, sun hango daidai, kuma shidan nan da aka zaga su ne suka fi kowa karanta wasan.

Wani ɓangare na ƙuduri na biyu ya dawo a Agustan 2022, bayan Manchin da Chuck Schumer, jagoran 'yan Dimokurat a Majalisar Dattawa, sun sasanta a asirce: kusan dala biliyan 370 na makamashi da yanayi, ikon gwamnati na yin cinikin farashin wasu magunguna, da iyakar dala 35 a wata ta allurar masu ciwon suga ga tsofaffi. Ya wuce 51 da 50, Kamala Harris, mataimakiyar shugaban ƙasa a lokacin, ce ta raba gardama, ba ɗan Rifablikan ko ɗaya. Duk abin da ya shafi yara ya zube a hanya.

Wanda ya fi ciwo a cikinsu shi ne tallafin yara. Dokar korona ta Maris ɗin 2021 ta ɗaga shi zuwa dala 3,600 a shekara ga yaro ɗan ƙasa da shida, 3,000 ga na sama, ta sa iyaye mafi talauci ma su samu cikakke, ana kuma tura rabinsa wata-wata, dala 300 ko 250 ga kowane yaro, daga Yuli. An yi shi na shekara guda bisa tunanin cewa da zarar mutane sun ɗanɗana ba wanda zai iya janye shi, tsawaitawar kuma aka ajiye ta a ƙuduri na biyu. Kuɗin ƙarshe ya shiga asusun iyaye ranar 15 ga Disamba, kwana huɗu kafin Manchin ya yi magana. Ƙididdigar hukumar ƙidaya ta nuna talaucin yara ya sauka zuwa kashi 5.2 cikin 100 a 2021, mafi ƙanƙanta da aka taɓa gani, sannan ya haura zuwa 12.4 a 2022.